Riƙo Ba Takarda Yana Jawo Wa Yaranmu Asarar Kuɗin Karatu A Amurka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, wadda mu na nesa muke karantawa a waya. Magana ce kan riƙon yara da kuɗin karatunsu ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na sha faɗarta a wurin suna da walima, amma can hayaniya ke cinye rabinta, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni Bakatsiniya ce, shekarata 21 a birnin Houston na jihar Texas, aikin jinya nake yi. Ni da maigidana muna da lasisin riƙon yara, abin da mutanen nan ke kira fosta. Idan kotu ta ga iyaye ba za su iya riƙe ɗansu ba, saboda ɗauri ko shaye-shaye ko duka ko ciwon taɓin hankali, gwamnatin jiha ce ke zama waliyyarsa, sai ta nema masa gidan da zai zauna. Yara fiye da 300,000 ne ke cikin wannan hali a Amurka, kuma duk shekara dubbai ke cika shekarun fita ba tare da sun koma wurin iyaye ko sun sami wasu ba.

A 2018 aka kawo mana wata yarinya mai shekara 14, kayanta duk a cikin baƙar ledar shara guda biyu. Ba zan faɗi sunanta ko abin da ya raba ta da gidansu ba, sirrinta ne. A gida Auta muke ce mata, domin ta zo bayan namu sun girma. An nemi gidan Musulmi ne aka sha wahala kafin a dace da mu.

Riƙon fosta ba irin riƙon da muka sani a gida ba ne, inda goggo za ta ce a ba ta yarinya a ɗaura mata ƙullin kaya shi ke nan. Nan jami'ar walwala na zuwa duk wata, ta leƙa ɗakin kwana, ta buɗe firij, ta duba ko magunguna na kulle. Akwai zaman kotu a kai a kai. Fita da yarinya ƙasar waje sai da izinin alƙali. Shekarar da surukata ta kwanta ciwo a Katsina, Malam shi kaɗai ya tafi, ni na zauna da Auta. Da ya dawo ya ce mini, "Hajiya, na gaji da baƙi a gidana. Mu je kotu a damƙa mana yarinyar nan gaba ɗaya, a rufe fayil, gwamnati ta fita mana a gida." Na goyi bayansa. Ba ɗiyantar da ita za mu yi ba, domin addini ya ce a kira yaro da sunan ubansa. Riƙo na dindindin za mu karɓa, ta ci gaba da amsa sunan mahaifinta. A lokacin shekarunta 15 da wata 7.

Wata dattijuwa Baturiya ce ta tsayar da mu, cikin 'yan sa-kai da kotu ke naɗawa su riƙa bibiyar yaro. Ta zauna a falonmu tana shan shayi da ƙosan da na soya mata, ta ce kafin mu sa hannu a komai mu riƙe lambobi uku: 13, 16, 18. Ranar nan na san rashin sani ya fi dare duhu. Shekara biyu da lasisi a hannuna, na yi ta zuwa ajin horo, amma wannan lissafin bai taɓa zama a kaina ba.

Ga abin da ta koya mana, na kuma gani da idona daga baya. Duk ɗalibin da ke neman tallafin gwamnatin tarayya sai ya cike wani fom mai suna FAFSA, inda ake tambayar abin da iyayensa ke samu. Yaron da ya taɓa zama a riƙon gwamnati daga shekara 13 zuwa sama ba a tambayarsa iyaye, ana ɗaukarsa mai cin gashin kansa. Tun da yawancinsu ba su da komai, sukan sami cikakken tallafin da ake kira Pell, wanda a shekarar karatu ta 2024 ya kai dala 7,395. Kyauta ce, ba bashi ba.

Lamba ta biyu ita ce ta kusa wuce mu. A 1999 Majalisar Amurka ta yi doka don yaran da ke fita daga riƙo, aka sa mata sunan Sanata John Chafee na jihar Rhode Island, wanda ya rasu a shekarar kafin a kai ga sa mata hannu. A 2001 aka ƙara mata wani reshe na karatu, ETV, mai ba ɗalibi har dala 5,000 a shekara. Ana iya kashe su a ɗakin kwana, littattafai, kwamfuta, kuɗin mota, har da biyan mai raino ga wadda ke da goyo. Wata doka ta 2018 ta ba jihohi damar biya har ɗalibi ya kai 26, amma ba ya wuce shekara 5 jimilla. To sharaɗin shi ne: wanda ya bar hannun gwamnati ya koma na mai riƙo, sai in ya cika 16 kafin ranar da ya fita. Wata biyar ya rage wa Auta. Da mun bi son zuciyarmu, da mun iya jefar mata da abin da ya kai dala 25,000 don kawai mu huta da ƙwanƙwasa ƙofa. Malam ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya rufa asiri. Lallai sauri ya haifi nawa."

Ta uku kuwa, wanda ya cika 18 yana cikin riƙo yana samun inshorar lafiya ta Medicaid har ya kai 26, kuma a Texas yana iya ci gaba da zama a gidan riƙo har 21 in yana karatu ko aiki. A kan wannan mun bar wa Auta zaɓi, domin rayuwarta ce. Ta kwana biyu tana tunani, ta zo ta same ni a kicin ta ce, "Umma, in na zauna a takardar gwamnati har 18, ba za ki daina zama Ummata ba ko?" Na ce mata takarda ta alƙali ce, ɗakin nan kuwa naki ne. Ta zaɓi zama. Ba na cewa kowane yaro haka ya kamata ya yi. Akwai wanda an yi ta yawo da shi gida shida, bakwai, babu abin da yake ƙishirwa kamar a ce masa yau an gama, nan ne gidanku. Irin wannan in aka ce ya jira don kuɗi, an cuce shi ta wata hanya. Abin da nake cewa kawai, a san abin da ake bari kafin a bar shi.

Baya ga na tarayya, jihar Texas na da nata gatan, kuma shi ne babba: tana yafe wa waɗannan yara kuɗin makaranta baki ɗaya a jami'o'i da kwalejojin gwamnatin jiha, ban da masu zaman kansu. A lokacin da muka yi namu, sharaɗin shi ne a fara amfani da shi kafin cika 25. Doka ta kuma tilasta wa kowace irin wannan makaranta ta ajiye jami'i na musamman don su. Jihohi irin su Florida, Maryland, Kentucky da Massachusetts su ma suna yafewa, New York na da nata shirin, amma kowace da sharuɗɗanta. Don haka 'yan'uwa na Bronx ko Chicago, kada ku ɗauki dokar Texas ku ɗora wa kanku, ku tambayi ta jiharku.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mu mutanenmu muna tsoron hukumar kare yara kamar mutuwa, kuma ba na ganin laifinmu, domin an ga gidajen da aka raba kan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda wannan tsoro, da wani abu ya sami iyaye, sai dangi su janye yaro a ɓoye, ba kotu ba takarda, kamar muna Ƙofar Soro. Akwai wani yaro a cikin jama'armu, haifaffen nan, mahaifiyarsa ta rasu yana 12, uban ya daɗe da komawa gida ya yi wani aure. Ƙanwar uwar ta ɗauke shi ta haɗa da nata huɗu. Wallahi ta yi riƙo na amana, Allah ya biya ta. Amma da ya gama sakandare ya zauna cike fom, sai aka ce inna ba uwa ba ce a wurin gwamnati, bayanan uba ake so, tun da yana raye. Uban kuwa waya ma sai ya ga dama yake ɗauka. Akwai hanyar da ofishin tallafi na makaranta ke bi ya ɗauke wa ɗalibi wannan sharaɗi, amma sai an kawo shaidu. Muka yi ta yawo, wasiƙar liman, wasiƙar malamar makaranta, takardar rasuwa. Zango guda ya wuce shi kafin a gama. Ya sami Pell daga baya, amma sauran sai bashi, ga aikin dare a sito yana ɗaukar kwalaye. Shi da Auta sa'o'i ne, maraicinsu kusan ɗaya.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce innar ta kai shi ga gwamnati ba, ba ma a karɓar yaron da ke da mai kula da shi haka kawai, kuma yafe kuɗin makaranta da ETV ba za su taɓa zama nasa ba tun da bai shiga riƙon jiha ba. Amma da ta je kotu tun yana 12 an naɗa ta waliyyiya, da wannan fom bai tsayar da shi ba, da asibiti da fasfo ma sun zo mata da sauƙi. Akwai ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta. In kun je, ku tambayi lauya kalmar da za a rubuta, domin fom ɗin yana bambanta wanda kotu ta naɗa waliyyi da wanda aka ba ajiyar yaro kawai. Wanda kuma hukuma ta riga ta karɓi ɗan ɗan'uwansa ta kawo masa, shi nake roƙo musamman: kada kunya da gajiya su sa ka ce a yi maza a rufe fayil. Ka duba ranar haihuwar yaron tukuna.

Duk da wannan gata, kada wani ya ɗauka yaran nan sun tsinci dami a kala. Dala 5,000 ɗin nan tun farkon shirin ba ta motsa ba, in ban da lokacin korona da aka ɗaga ta zuwa 12,000 na ɗan lokaci, alhali hayar ɗaki ta yi tashin gwauron zabi. In maki ya faɗi, Pell da ETV na iya tsayawa, kuma yaron da ya canza makarantar sakandare sau biyar, ina mamaki in lissafi ya kayar da shi a zangon farko? Sai kuma hutu. A watan Disamba makarantu da yawa na rufe ɗakunan kwana kusan wata guda, kowa ya tafi gida. Wanda ba shi da gida fa? Shekarar Auta ta farko ta bugo mini waya tana inda-inda, ashe ƙawarta ce, ita ma 'yar riƙon gwamnati, za ta yi hutun a cikin mota. Na ce ta taho da ita. Yarinyar ba Musulma ba ce, ta ci tuwon shinkafa da miyar taushe har ta koyi cewa "na ƙoshi". Kuɗin makarantarta gwamnati ta biya har sisin ƙarshe, amma wurin da za ta shimfiɗa haƙarƙarinta ranar Kirsimeti babu shi a kowane fom.

Edita, ina karanta labarin NELFUND, asusun ba ɗalibai kuɗin karatu da aka fara a gida Najeriya a 2024, da naira 20,000 ta wata-wata, kuma na yi murna. Amma rance ne. Sai na tuna da yaran da suka tashi a gidajen marayu na gwamnati, waɗanda wasu tsintarsu aka yi, ko takardar shaidar ƙaramar hukuma ba su da uban da za a rubuta a kai. Gwamnatin da ta shayar da su ta yaye su ita ce uwa ita ce uba. Me zai hana majalisun jihohinmu su yi doka a yafe musu kuɗin jami'a da kwalejin jiha, a rubuce, ba sai ranar da matar gwamna ta kai ziyarar Sallah da buhunan shinkafa ba?

Auta na shekarar ƙarshe yanzu, makullin gidanmu na rataye a jakarta. Innar yaron nan kuwa wani riƙon ya sake faɗo mata, 'yar maƙwabciyarta mai shekara 9. Ranar Talata na karɓi hutu a wurin aiki, ni zan tuƙa ta zuwa ofishin lauyoyin, na ce mata ta taho da takardar haihuwar yarinyar.

Wassalam.

Taku,
Wata uwar riƙo,
Houston, jihar Texas, Amurka.