A ba mu fili mu riƙa faɗa wa juna abin da muke karantawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki ya ƙoƙari. Roƙo ne ke tafe da ni, don Allah ku ware mana ɗan fili ko rabin shafi ne duk sati inda masu karatu za su riƙa faɗin littafin da ke hannunsu da kuma dalilin da ya sa ya kama su, don gaskiya yawancin littattafan da na fi so ba talla ce ta kai ni gare su ba, wani ne ya ce kai karanta wannan za ka ba ni labari.

To bari in buɗe fagen da kaina. Yanzu haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a hannuna, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Mutane sun fi tuna marubucin a matsayin Firayim Minista, amma wallahi ku duba yadda ya rubuta uwar Umar, matar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, ita ma aka kama ta aka sayar baiwa aka keta Sahara da ita, kuma bai tsaya yana ta kuka a takarda ba, a natse yake ba da labarin, shi ya sa ma ya fi cin rai. Siririn littafi ne, a zama biyu mutum ya gama.

Wanda kuma yake son abin da ya shafi zaman aure da haƙƙin mace ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, har fassara shi aka yi zuwa Turanci a 2012. Masu cewa littattafan mata duk soyayya ce kawai ina ganin ba su buɗe wannan ba. Magana Jari Ce kam ba sai na tallata shi ba.

Sharaɗi ɗaya nake so ku sa, kar mutum ya jero sunaye goma ya tafi, ya ɗauki guda ɗaya ya ce ga abin da ya burge shi ga inda bai yi masa ba, kuma kar ya tona ƙarshen labari. Na Larabci ko Turanci ko tarihi ko na addini duk a kawo. Ni dai ina jiran wanda zai nuna min littafin tarihi mai daɗin karatu da zan ɗauka bayan wannan.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku