Yaron da ubansa ya bayar jingina saboda sarauta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili in yi magana a kan bidiyon nan na Dirakula da samarinmu ke ta turawa juna a WhatsApp a nan Agege da Mile 12, wasu na cewa maye ne mai shan jini, wasu kuma na cewa aljani ne. Toh mutum ne kamar kowa, sunansa Vlad, kuma zancen shan jinin nan littafin marubuci Bram Stoker na 1897 ne ya yaɗa shi, ƙagaggen labari ne da aka aro masa suna. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yarintarsa, kuma ita ce ba wanda ke ambata.

An haife shi wajen 1431 a yankin da yanzu yake cikin Romaniya. Ubansa Vlad na biyu ya hau sarautar Walakiya a 1436, ƙaramar ƙasa ce da ke tsakanin manya biyu, Hangari ta nan, daular Turkawa ta can, kowa na so ta bi shi. A 1442 Sarkin Turkawa Murad na biyu ya daina yarda da uban, sai aka riƙe 'ya'yansa biyu, Vlad da ƙaninsa Radu, a matsayin jingina, wato in uban ya saɓa alkawari yaran ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Yaro ɗan shekara sha ɗaya ko sha biyu fa! Kuma wallahi abin da ya fi ciwo shi ne uban ya koma kan kujerarsa ya bar su a can, daga baya ma ya taimaka wa Kiristocin da suka fito yaƙar Turkawa a 1444 alhali ya san 'ya'yansa na hannunsu, ni dai na kasa gane irin wannan zuciya, sarauta ba ta kai haka ba.

A 1447 aka kashe uban, Mircea wan Vlad kuma aka ce manyan garin Targoviste sun binne shi da ransa. Vlad yana saurayi ya samu wannan labari a ƙasar da ba tasa ba. A 1448 Turkawa suka mara masa baya ya karɓi sarautar, ko wata uku bai yi ba aka kore shi, ya yi ta gudun hijira har 1456 da ya dawo, daga nan ne ya fara tsire mutane a kan itace mai tsini.

Ba wanke shi nake ba, zalunci zalunci ne, ai Radu ma zaman jinginar ɗaya suka yi amma bai zama haka ba, shi ma dai Sarkin Turkawa Muhammadu na biyu ya ɗora a kujerar a 1462 bayan ya kori wan nasa. Amma duk wanda ya ga yaranmu da iyaye ke ɗorawa a tirela zuwa Legas ba tare da sanin wa zai riƙe su ba, ya san me rashin uba ke yi wa zuciyar yaro.

Ina roƙo ku buɗe shafin tarihi ko da sau ɗaya a wata, ku fara da wannan labari, ku rubuta shi da Hausar da mai tura baro zai karanta a wayarsa.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas