Kallon San Fitasbag da dare: a lura da lokacin ɗaga gadoji

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu ɗan fili mu ja kunnen ɗalibanmu da masu niyyar ziyartar San Fitasbag ta Rasha, birnin da Sarki Bitrus Babba ya kafa a 1703 a bakin kogin Neba. Hotunansa na dare da ke yawo a Facebook suna da kyau, amma ba sa nuna wanda ya kwana a tsallaken kogi yana rawar ɗari.

Daga Afrilu zuwa Nuwamba ana ɗaga manyan gadojin kogin da tsakar dare domin jiragen dakon kaya su wuce. Wadda aka fi taruwa a kanta ita ce Gadar Fada, da aka buɗe a 1916, wadda ta haɗa gefen Fadar Hunturu, tsohuwar fadar sarakunan Rasha, da tsibirin Basiliyebski. Wajen ƙarfe 1:10 tsakiyarta ke rabewa biyu, kowane ɓangare ya miƙe sama da fitilun titinsa a jiki. Akan sauke ta kamar 2:50, a bar motoci su wuce na minti ashirin kacal, a sake ɗagawa sai dab da ƙarfe biyar. A duba jadawalin ranar, don yakan sauya.

Matsalar a nan take. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yakan tashi daga aiki jim kaɗan bayan sha biyu, sai wajen biyar da rabi ya dawo. Wanda masaukinsa ke tsibirin Basiliyebski ya tsaya kallo ta gefen fada, ko ya dace da minti ashirin ɗin nan, ko ya biya tasi ta zagaya da shi ta babban titin da ake biyan kuɗin bi. Don haka a tsaya ta gefen da za a kwana.

A ganinmu babu wurin tsayuwa kamar bakin kogi ta gaban ginin Admiralti, tsohuwar hedikwatar sojan ruwa, da ke gefen fada. Daga nan tsinin cocin Bitrus da Bulus, mai mita 122, yakan fito tsakanin ɓangarorin gadar biyu yana ƙyallin zinariya, Fadar Hunturu da aka gama a 1762 kuma tana can dama, koriya da fari. A iso da rabin awa a hannu, a saka rigar sanyi ko a Yuli ne, waya kuma a aljihun gaba saboda 'yan sane.

Mai son hoto ya sani cewa a tsakiyar Yuni dare ba ya yin duhu a can, don birnin na kusa da ƙuryar arewacin duniya, saboda haka fitilun gine-gine ba sa fitowa sosai. Ƙarshen Agusta da Satumba sun fi. A dafa kyamara a kan katangar dutsen bakin kogi. Daga cikin kwalekwalen yawon buɗe ido hoto yakan fito dishi-dishi saboda girgiza.

Wannan hasken na daren Yuni yakan rikita baƙo kan isha'i da asuba, tunda jan sararin magariba bai gama ɓacewa ba alfijir ke ketowa. A bi jadawalin babban masallacin birnin, mai shuɗiyar ƙubba, da aka fara salla a cikinsa a 1913. Yana kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gorkobskaya, a tsallaken kogi shi ma, kuma Gadar Troyitski da ke kai mutum can ana ɗaga ta.

Wassalam,
Wasu masu karanta jaridarku