Wasiƙa ga 'yata: ba kowane zobe a fata ne makero ba

Zariya

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Tunda an tura ki ɗakin duba masu ciwon fata a asibitin koyarwa na Shika, ga abin da nake so ki riƙe game da tabon nan mai zagaye kamar zobe, wanda duk wanda ya shigo zai ce miki makero ne.

Sau da yawa gaskiyarsu ce. Amma kada ki rubuta magani kina zaune. Ja mutum bakin taga ki duba da hasken rana, domin a baƙar fata kumburi ba ya fitowa ja, sai dai ya yi duhu ko toka-toka. Sa yatsa ki shafa. Makero a gefensa yake da rai: bakin ya ɗan tasa, yana ɓarɓashi, yana ƙaiƙayi, yana ci waje yayin da tsakiya ke lafawa. In kina kokwanto, goge da sifirit, ki kankare gefen, ban da tsakiya don babu komai a can, ki zuba a gilashi, ki ɗiga ruwan KOH, sinadarin da ke narkar da ɓarɓashin fata, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ki ba shi minti 15 zuwa 20. A madubin ƙwayoyin cuta za ki ga zare-zare masu rassa na naman gwarin da ke haddasa makero. Na jiki, clotrimazole safe da yamma mako 2 zuwa 4, a shafa har a wuce bakin tabon, kada a daina don ƙaiƙayi ya tafi. Na kan yaro kuwa, wato kora, shafawa ba ta kai wa saiwar gashi. Sai griseofulvin na sha mako 6 zuwa 8, bayan abinci mai maiƙo, a kuma raba shi da aron hula, mataji da askar wanzami ɗaya.

Kullum ki tambaya, "Me kika shafa?" Kada ki yarda da "ba komai", ce a kawo kwalin. Man nan mai haɗi uku na kemis da mayukan bilicin suna ɗauke da betamethasone ko clobetasol. Suna kashe ƙaiƙayi, su share ɓarɓashin, naman gwarin kuma ya samu fili ya bazu ba zobe ba gefe.

Wanda nake tsoron ya wuce ki shi ne kuturta. Tabonta ya fi sauran fata haske, busasshe, ba gumi, gashin wurin ya zube, wani lokaci da baki mai tasowa sak makero. Bambancin: ba ya ƙaiƙayi, kuma ba ya ji. Murza auduga ta yi tsini, ki fara taɓa lafiyayyar fata idonsa a buɗe har ya gane wasan, sannan ya rufe ido ya riƙa nuna inda kika taɓa da yatsa. Kada ki ce "ka ji?", Bahaushe zai ce e don kunya. A fuska gwajin na iya yaudararki, don jijiyoyin wurin suna da yawa. Daga nan laluba jijiyar bayan gwiwar hannu, ta gefen wuya ƙasan kunne, da ta gefen gwiwar ƙafa ta waje, kina gwada dama da hagu, ki ji ko ta yi kauri ko tana zafi. Ƙirga tabon bayan an tuɓe: 1 zuwa 5 maganin wata 6 ne, fiye da 5 wata 12, da rifampicin, dapsone da clofazimine, kyauta. Cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye tana nan kusa, ki tura. Kuma sunan cutar ba a faɗarsa gaban 'yan rakiya, yana iya kashe aure.

Sauran ba su da wuya in kin natsu. Zobe na ƙananan ƙulli masu tauri a bayan hannu ko ƙafa, sumul ba ɓarɓashi, granuloma annulare ne, yawanci da kansa yake tafiya. Babban tabo guda a ƙirji ko baya, ɓarɓashinsa ta cikin baki, bayan mako 1 ko 2 ƙanana su biyo layin haƙarƙari, pityriasis rosea ke nan, mako 6 zuwa 8 ya wuce. Sai dai a baligi buɗe tafin hannu da na ƙafa, ki sa a yi gwajin jini na VDRL, don tunjere yana kwaikwayonsa, har zobe yakan yi a fuska. Baƙin tabo da ke dawowa wuri ɗaya, a leɓe ko al'aura, tambayi ko ya sha maganin Septrin ko Fansidar. Borin jini kuwa zagaye shi da biro, kafin awa 24 ya bar wurin.

Duk makeron da ya sha magani daidai mako 4 bai motsa ba, sake kankarewa, sake gwajin auduga, in ya ƙi a yanki fata a kai ɗakin gwaji. In kuma ya game jiki, duba sukari da HIV.

Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki