Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Autata Na Son Shiga Soja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Ni tsohon soja ne, shekara 35 na yi cikin kaki, na ajiye aiki ina samanja. Na je Laberiya da Saliyo tare da dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙarshen aikina kuma a Arewa maso Gabas na yi shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani shiri da na saurara a rediyo makon jiya. Mai sharhin ya ce ba wa mata bindiga makircin Turawa ne, wai duk ƙasar da ta kai mata bakin daga, gobe sai ta buɗe wa masu neman jinsi ƙofar bariki, ga Amurka nan a gani. Maganar ta same ni har tsakar gida, domin autata ta gama sakandare kuma ta kafe a kan sai Depot ta Zariya, inda ake horar da kuratan sojoji. Uwarta ta ji shirin, tun daga ranar ko sallamata da kyar take amsawa.

Da can ni ma ina cikin masu cewa me ya haɗa mace da rami da jigida. Shingen bincike ne ya sauya mini tunani. A watan Yunin 2014 wata mace ta tayar da bam a ƙofar barikin soja a Gombe, kafin ƙarshen Yuli kuma 'yan mata suka yi ta tashi da bama-bamai a Kano. Daga nan duk mace mai dogon hijabi ta zama abin tsoro a gare mu. Ina tuna wata yamma, an sauke fasinjojin wata motar haya, cikinsu akwai wata dattijuwa da ta kai sa'ar mahaifiyata. Mu maza bakwai ne a wurin. Ba mai iya taɓa ta, ba kuma mai yarda ta matso. Wani kofur ya tsaya daga bayan buhunan yashi yana daka mata tsawa ta ɗaga hijabi, ta ɗaga riga, a gaban direba da kwandasta da surukinta. Ta ɗaga, hawaye na bin kumatunta, abin da ke ƙugunta ƙullin goro ne da 'yan canji. Na ga fuskar surukin nan. Ba mu kama kowa ba ranar, amma mun yi maƙiyi. Bayan 'yan makonni aka turo mana sojoji mata biyu da wata 'yar kato-da-gora, suka kafa tabarma a gefen hanya suka mayar da ita ɗan ɗaki. Layi ya riƙa tafiya, kuma a bayan tabarmar nan matan ƙauye suka riƙa raɗa musu abin da ba za su taɓa faɗa wa namiji mai bindiga ba: wane gari aka ga baƙi, wa ke sayen fetur da jarka da daddare. A takarda matan nan ba a bakin daga suke ba. Amma da an zo da bam, wa ya fi kusa da shi, ni da ke bayan buhu ko wadda hannunta ke jikin mai ɗauke da shi?

Amurkar da mai sharhin ya kafa hujja da ita, da irin wannan ta gane. A 1994 sun kafa ƙa'idar da ta hana tura mata rundunonin ƙasa masu gaba-da-gaba. Da suka shiga Iraƙi da Afganistan sai suka tarar yaƙin ba shi da gaba ba shi da baya, mai tuƙa motar abinci ma kwanton ɓauna na jiran ta. Suka riƙa aron mata daga wasu sassa suna haɗa su da masu sintiri don binciken matan gida. A 2004 aka harbo jirgi mai saukar ungulu da Tammy Duckworth ke tuƙawa, ta rasa ƙafafunta biyu, yau sanata ce. A 2005 Saje Leigh Ann Hester ta samu lambar jarunta saboda yadda ta afka wa ramin masu kwanton ɓauna. Sai a Janairun 2013 Sakataren Tsaro Leon Panetta ya soke ƙa'idar, magajin magajinsa Ash Carter kuma ya buɗe dukkan guraben a Disambar 2015. Takarda ce ta bi sawun abin da ya riga ya faru a fili.

To amma ba zan yi wa 'yata ƙarya ba, ba kuma zan yi wa masu karatu ba. Kayan sojan ƙasa nauyi ne da su. Bindiga da harsasai da sulke da hular kwano da ruwa, in ka haɗa sun kai rabin buhun siminti, wani lokaci su wuce. A Saliyo na taɓa saɓa wani yaro da aka harba a cinya, ƙato ne, jininsa na bin bayana har cikin takalmi, na yi tafiyar da a ranar lafiya ba ta fi minti biyar ba amma na ji kamar an zare mini laka. Sojojin kundumbala na ruwa na Amurka sun yi gwaji a 2015, suka ce rukunin maza zalla ya fi na gauraye a kashi 69 cikin 100 na ayyukan da aka auna, matan kuma sun fi jin rauni. A shekarar dai, cikin watan Agusta, Kristen Griest da Shaye Haver suka kammala makarantar Ranger ta horar da zaratan sojoji, wadda ke kayar da ɗimbin maza. Duka biyun gaskiya ne. Har yau ma ba su gama jayayyar ba, don Pete Hegseth ya fito ƙarara a Nuwamban 2024, kafin ya zama Sakataren Tsaro, ya ce bai kamata mata su kasance a guraben faɗa ba. Ni dai nawa ra'ayin, a ajiye mudu ɗaya. Wanda ya iya saɓa ɗan'uwansa ya fita da shi daga wuta ya shiga, wanda bai iya ba a ba shi wani aikin, ko da gemunsa ya kai cibiya. Na san maza da yawa da da an auna su da gaske, da ba su wuce sito ba.

Mu nan gida ma ai ba jiya aka fara ba. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta ɗauki 'yan mata 20 a kwas ɗin mayaƙa a 2011. Blessing Liman kuma, 'yar jihar Kaduna, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja. Tolulope Arotile ta yi ta kai wa 'yan bindiga farmaki da jirgi mai saukar ungulu kafin ta rasu a hatsarin mota a Kaduna a Yulin 2020, tana da shekara 24. A farkon 2021 aka ware sojoji mata 300 don tsaron hanyar Kaduna zuwa Abuja. Malamanmu sun koya mana ba a wajabta wa mata yaƙi ba, na kuma yarda, amma su ne dai suka karantar da mu yadda Nusaiba bint Ka'ab ta tsaya da takobi ranar Uhudu tana kare Manzon Allah (SAW) har ta sha raunuka. Ni da nake zaune a ƙasar Zazzau ba sai na ja zancen Sarauniya Amina ba.

Sai batun masu neman jinsi. Ni Musulmi ne, na san matsayin addinina, kuma dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 tana nan. Ba wannan na zo tattaunawa ba. Lissafin mai sharhin ne ya zo a juye. Birtaniya ta ɗage haramcin shiga soja a kan masu neman jinsi a Janairun 2000, bayan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a 1999, mata kuwa sai 2018 aka buɗe musu dukkan guraben faɗa. A Amurka an daina korar masu neman jinsi a Satumbar 2011, shekara huɗu kafin a gama buɗe wa mata. Tarayyar Sobiyet ta sa mata wajen 800,000 a kaki a Yaƙin Duniya na Biyu alhali luwaɗi laifi ne na ɗauri a dokarta. Nijeriya ta ɗauki mata a NDA a 2011, ta tsaurara doka a 2014. Ina ƙofar da ɗaya ta buɗe wa ɗaya? Kowace magana da igiyarta, wanda ya ɗaure su wuri guda so yake ya tsorata iyaye irin matata.

Akwai dai abu ɗaya a tarihin Amurka da ya tsaya mini a rai. A 1993, zamanin Bill Clinton, suka yi wa masu neman jinsi da ke soja dokar nan ta kada a tambaye ka, kai ma kada ka faɗa. Kafin a soke ta an sallami sojoji fiye da 13,000, har da masu fassarar Larabci a daidai lokacin da ake neman su ruwa a jallo a Iraƙi. In aka duba yawansu a rundunar, mata ne korar ta fi ci. Duk wanda ya zauna a bariki ya san ta yadda hakan ke faruwa. Na gani da idona a wani barikin da ba zan ambata ba: wani babba ya nemi wata yarinya mai igiya ɗaya, ta ƙi shi, kafin wata ya ƙare an baza cewa 'yar maɗigo ce. Ba shaida, ba bincike. Mata suka daina cin abinci da ita, ƙarin girma ya wuce ta, ƙarshe ta ajiye kakin ta koma garinsu. Ni ina wurin, na san ƙarya ce, na kuma yi shiru don ina jiran nawa ƙarin girman. Har yau abin na cin raina.

Wannan ne tsorona a kan 'yata, ya fi tsoron harsashi. Shi ya sa nake roƙonka, Malam Edita, ka tura wakiliya mace ta zauna da sojoji mata, ta tambaye su wa suke kai wa ƙara in mai neman su shi ne mai sa hannu a takardar hutunsu, ta tambaye su ko sulken da ake ba su daidai jikinsu yake, da inda suke barin jarirai in an tura su daji.

Ita kuwa auta, na cika mata tsohuwar jakata da yashi, na auna a sikelin mai sayar da masara, kilo 20. Na ce duk asuba bayan salla ta goya ta, mu taka har bakin gada mu dawo, in ta yi wata uku ba fashi zan raka ta cike fom da kaina. Yau kwana 19. Kafaɗunta sun saɓule, jiya na ga uwar tana gasa mata su da ruwan zafi tana faɗa ƙasa-ƙasa, amma ita ce ta ɗinka mata ɗan matashi a igiyar jakar.

Naka,
Samanja mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.