Rahoton Kwamitin Gyaran Manhajar Kundin Littattafai

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, ga yadda ya kasance.

Kundin littattafanmu yana cikin fayil ɗin XML, tsarin adana bayanai da hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 1998. Fasalinsa irin na bishiya ne. Kowane littafi reshe ne, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙananan rassa: take, marubuci, shekara, shafuka. Da aka yanke shawarar ƙara sunan mafassari, sai tsohuwar manhajar ta riƙa liƙa shi bayan shafuka, domin da umarnin append take aiki, shi kuwa bai san wani gurbi ba sai na ƙarshe. Fayil yana buɗewa lafiya lau, amma manhajar da ke karɓar kundin ta ƙi shi ƙememe.

Mun gano dalili a cikin sikima, wato takardar ƙa'idar da ke faɗin abin da ya halatta a fayil. An jera rassan ne a ƙarƙashin xs:sequence, wanda ke wajabta bin jeri daki-daki, gurbin mafassari kuwa yana tsakanin marubuci da shekara. Ashe rubutun fayil na iya zama daidai, kowace alama an buɗe an rufe, amma a gaban sikima ya faɗi.

Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a ɗauki fayil a matsayin rubutu kawai, a nemo inda marubuci ya rufe a cusa sabon layi. Ba mu karɓa ba. Sunan da ke ɗauke da alamar & kaɗai ya isa ya lalata kundin baki ɗaya idan ba a sauya masa rubutu yadda ƙa'ida ta ce ba.

Gyaranmu na farko ma bai yi ba, ba kuma za mu ɓoye ba. Mun yi amfani da umarnin insert, mai cusa reshe a gurbin da aka ƙirga masa, muka ce a sa mafassari a gurbi na uku. Ya yi daidai ga littafi mai marubuci ɗaya. Da muka iso kan mai marubuta biyu, sai ga mafassari ya ratsa tsakaninsu. Inda babu marubuci kuma ya haura shekara. Ko bayanin gefe (comment, wato ɗan rubutun tunatarwa ga mai karanta fayil) da wani ya bari a cikin reshe yana karkatar da ƙidayar, tunda lxml, kayan aikin harshen rubuta manhaja na Python da muka koma kansa, yana lissafa shi cikin 'ya'yan reshe. Daga nan muka daina ƙirga gurbi. Muka rubuta wa manhajar jerin sunayen rassa kamar yadda sikima ta tsara. Yanzu takan bi rassan littafi ɗaya bayan ɗaya, ta nemo na ƙarshe cikin waɗanda ya kamata su riga sabon, ta ajiye shi bayansa da umarnin addnext. In babu mai riga shi, sai ya hau gaba. Abin da ya sa muka bar ElementTree, kayan aikin XML da ke zuwa tare da Python, shi ne reshe a can bai san uwarsa ba, ga shi yana zubar da bayanan gefe in ba an hana shi ba.

Abin da ya fi cin mana lokaci ƙarami ne a ido. Neman marubuci ya riƙa dawowa hannu rabbana, alhali ga shi muna kallo. Laifin na xmlns ne da ke saman fayil, wanda ke ba kowane reshe sunan dangi. Dole a haɗa da shi wajen nema, haka ma wajen ƙirƙirar sabon reshe, in ba haka ba sikima za ta ɗauke shi bare.

Sauran gyare-gyaren ba su ba da wahala ba. Sabon reshe yakan manne a layin maƙwabcinsa, muka daidaita da umarnin indent, mai tsara layuka. Harafin ƙ yana fitowa a matsayin ƙ wajen adanawa, wanda ba kuskure ba ne, amma mai dubawa da ido ba ya jin daɗinsa, don haka muka umarci manhajar ta adana da tsarin haruffa na UTF-8.

Yanzu ba ta taɓa ainihin kundin kai tsaye. Takan rubuta kwafi, ta gwada shi da sikima, sai ya wuce sannan ya maye gurbin tsohon. Mun kunna ta sau biyu a jere kan fayil ɗaya, ba ta maimaita mafassari ba.

Abu ɗaya muke roƙon a kula da shi: jerin sunayen nan da hannu muka rubuta shi. Duk wanda ya ƙara reshe a sikima, sai ya ƙara shi a can ma. Mun ajiye kwafin tsohon kundin da fayilolin gwaji a hannun sakatare.

Wassalam,
Kwamitin Gyara