Ƙawata, Kin Manta Abu Ɗaya a Jerin Tanadinki

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Na san shirun ya yi tsawo, na kuma san kin gama haɗa mitar da za ki yi mini, to ki adana ta sai mun haɗu. Saƙonki ya iso, har da dogon jerin kayan da kika tanada saboda ko za a shiga halin da hanya za ta yanke, shaguna su rufe wata da watanni. Sau biyu na karanta shi. Ga abinci, ga jarkokin ruwa, ga fitila da batir da ashana, har man shafawar nan taki da ko sama da ƙasa za su haɗe ba kya rabuwa da ita. Amma gida mai mata huɗu, a ce babu audugar mata ko ƙulli ɗaya a ciki? Abin da ya zaunar da ni rubutu a daren nan ke nan. Jinin al'ada bai san ambaliya ba, bai san an rufe hanya ba, in lokacinsa ya yi zuwa zai yi.

Huɗu na ce, kada ki ce na yi ɓatan lissafi. Ke, ƙanwarki, babbar 'yarki, sai auta. Shekararta 11, kuma ke da bakinki kika ce tun bara ta fara ƙirgar dangi. Daga nan zuwa jinin farko yawanci kamar shekara 2 ne, don haka ki ƙidaya da ita.

Ɗauko biro. Mace tana canza auduga duk bayan awa 4 zuwa 6, wato kamar guda 4 a yini. In jinin yana kwana 5, guda 20 ke nan. A shekara kuma al'ada sau 13 take zuwa ga mai kwana 28, ba sau 12 ba, a nan mutane suke cutar kansu. Mutum ɗaya 260, ku huɗu 1,040. Ko wata 6 kawai kika yi wa shiri, sai kin ajiye wajen 140 ga kowacce. Littafin Sphere, wanda ma'aikatan agaji suke bi a sansanonin 'yan gudun hijira, a bugunsa na 2018 ya yanka guda 15 a wata ga kowace mace, amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a iya lallaɓawa da shi. Mafi kyau, wata mai zuwa kowacce a cikinku ta ƙirga abin da ta ƙarar, don akwai mai kwana 3, akwai mai kwana 7, kuma ƙanwarki ba za ta taɓa gaya miki nata ba sai kin matsa.

Ki sayi audugar kanti ta wata 2 ko 3, ban hana ki ba. Ita ce ta ranar gudu, da ranar da babu ruwa ko ɗigo. Ki zuba su a bokiti mai murfi ko leda mai kauri, ki ɗora a sama, nesa da bango mai jiƙa da ɗakin da rana take gasawa. Danshi yana shiga cikin audugar ya cinye ƙarfin shanyewarta tun ba a buɗe ba, zafi kuma yana busar da gam ɗin bayanta, sai ki manna ta a kamfai ta riƙa zamewa kina tafiya. Ki riƙa amfani da tsofaffin kina mayar da sababbi a ƙasa. Sai dai duk yawan da kika tara, ranar ƙarewarsa tana zuwa, shi ya sa hankalina ya fi karkata ga wanda ake wankewa.

Na san fuskar da kike yi yanzu, irin wadda kika yi ranar kwalliyar Gwaggo. Saurara dai.

Ƙunzugun ƙyalle mai kyau hawa uku ne. Na sama, mai taɓa jiki, yadin auduga mai laushi. Na tsakiya, mai shan jinin, tawul ninki 2 ko 3. Na ƙasa, mai hana yoyo, ƙyallen da ruwa ba ya ratsawa, ko da na tsohuwar lema ne. Tsawon na rana santimita 25, na dare 30 zuwa 35 mai faɗin baya, da fukafukai biyu da za su zagaye kamfai a ɗaure da maɓalli. Ki wanke yadin kafin ki yanka, domin sabon yadi yana da sitaci mai hana shi shan ruwa, kuma yana tsukewa a wankin farko ya karkatar da ɗinkin. A hawan sama da na tsakiya kada ki kusanci yadin roba mai santsi: jini yana gangarewa ta kansa ya bi gefe, ga zafi, ga ƙuraje a matsematsi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗinke hawa ukun su zama dunƙule ɗaya mai kauri. Yana da kyan gani, amma cikinsa sai ya kwana biyu bai bushe ba. Ni a ganina gara a ɗinka gidan daban, wato hawan ƙasa mai fukafukan nan, da aljihu ko igiyoyi biyu a kwance, sannan a yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu, kamar santimita 30 kowane gefe, a riƙa ninkewa uku ana sawa a ciki. Ranar da jini ya yi yawa a haɗa biyu. In an wanke a warware shi fayau, cikin 'yan awoyi ya bushe, kuma a kan igiya duk wanda ya gani hankici zai ɗauka. Kowacce a yi mata ƙyalle 12 zuwa 15 da gida 3 ko 4, saboda kullum akwai na jiki, akwai na cikin bokiti, akwai na kan igiya. A bambanta launin zare, kada wata ta ɗauki na wata, ko uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kamfai kuma aƙalla 6 ga kowacce, mai kama jiki. Ƙunzugu komai kyansa, in kamfan ya saki, aikin banza ne.

Af, kafin na manta, amaryar nan tamu ta sauka lafiya, namiji, kuma wai kamarsa ɗaya da wanda kika sani, har kunnuwan. Mutuniyarki kuwa ta sake komawa, karo na uku ke nan, ta ce wannan karon da sharaɗi. Ki kira Yaya ki sha labari, ni bakina da goro. Maganar haihuwar ma ta tuna mini: in akwai mai ciki a kusa da ku, jinin biƙi yana iya kai mako 6, kuma kwanakin farko yana da yawa sosai. Ita sai manyan ƙyallaye masu tsawo, kuma ba a cusa komai a gaba a wannan lokaci.

To, wanki. A nan ne abin yake tsayawa ko ya rushe, domin ƙyalle ba shi da amfani in babu ruwa da sabulu da wurin shanya. Da an cire, a jefa shi a ƙaramin bokiti mai murfi da ruwan sanyi, ya jiƙa kamar rabin awa. Ruwan sanyi na ce. Ruwan zafi yana dafa jinin ya kama zaren, tabon ba zai ƙara fita ba. A matse har ruwan ya daina ja, a saɓa sabulu, a cuɗa, a ɗauraye sosai, domin sabulun da ya maƙale shi ne yake kawo ƙaiƙayi. Kada a bar shi ya wuce kwana ɗaya a ruwan jiƙo, wari zai tashi. Kada a sa masa ruwan laushin kaya mai ƙanshi, yana lulluɓe zaren ya daina shan jini. Bilic kuma yana cinye auduga, a hankali sai ki ga ƙyallen ya fara ɓulewa.

Ruwan da kika lissafa a jerinki na sha da girki ne kawai, na lura. Ki ƙara lita 4 ko 5 a yini ga duk wadda take cikin kwanakinta, na wanki da na tsarki, kuma ki tuna wani lokacin mutum biyu za su haɗu a mako ɗaya. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kada a zubar, shi za a jiƙa na gaba da shi. Sabulu kuma, shi littafin Sphere ɗin nan ya ce a ƙara giram 250 a wata ga kowace mace ban da na wanka da wankin gida. Ki sayi mara turare. Wajen tsarki ruwa ya isa, a wanke waje kawai, daga gaba zuwa baya. Cikin yana wanke kansa, ɗura masa ruwa ko sabulu yana kashe ƙwayoyin da suke kare shi, daga nan sai ƙaiƙayi da fitar ruwa mai wari.

Shanya a rana ake yi, ƙawata, a fili. Na san halin 'yan matanki, kunya za ta sa su tura shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa da sauran danshi, kuma wannan ne hanyar fumfuna da ƙuraje. In idon mutane ne damuwar, a yafa masa ƙyalle shara-shara a sama, rana da iska za su ratsa. Kafin a ninke, a ɗora tsakiyarsa a kumatu: in kin ji sanyi-sanyi, bai bushe ba, ko da gefensa ya yi ƙarau. Lokacin ruwan sama a ɗaura igiya inda iska take wucewa, a ƙarasa da dutsen guga, amma ban da hawan ƙasa mai hana yoyo, narkewa zai yi. Saboda haka igiya da 'yan maƙalan shanya su shiga jerin, da allura da zare da almakashi da maɓallai.

Ke kanki kuma, ina so ki gwada kofin al'ada. Ɗan kofi ne na silikon mai laushi, ana ninke shi a saka a gaba, ya buɗe ya tare jinin. Yana ɗaukar kamar mililita 20 zuwa 30, alhali matsakaicin jinin da mace take zubarwa a al'ada ɗaya kamar 30 zuwa 40 ne. Ana juye shi duk awa 8, kada dai ya haura 12, a ɗauraye da ruwan da za a iya sha, ɗan kaɗan ya isa. In al'ada ta ƙare a tafasa shi minti 5 zuwa 10 a ruwa mai yawa, don kada ya zauna a gindin tukunya ya ƙone, sannan a ajiye a jakar ƙyalle. Guda ɗaya yana iya kai shekara 10. A cikin waɗanda ake wankewa, babu abin da ya kai shi sauƙin ruwa. Amma sai hannu ya saba, wata 2 ko 3 na farko zai yi yoyo saboda bai buɗe sosai ba, don haka yanzu za ki koya da kike da banɗakinki da haske. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Wajen cirewa a matse gindinsa iska ta shiga tukuna, kada a fizgo, musamman mai robar tsarin iyali a mahaifa, ita ma gara ta fara tambayar ma'aikaciyar lafiya. Yaran kuwa kada ki tilasta musu, wadda ranta bai kwanta ba a bar ta da ƙyallenta.

Audugar cusawa, wato wadda ake turawa cikin gaba ta sha jinin, ban ba ki shawarar tarawa ba. In ta wuce awa 8 a jiki tana iya jawo wata cuta mai saurin kisa da gubar ƙwayoyin cuta take haddasawa, ga shi a halin ruɗani mantuwa ba ta da wuya. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri, fata ta yi ja kamar ƙuna: a cire nan take a nemi asibiti ko ta wace hanya. Da kofi ma haka, ko da yake ba kasafai ba.

Wadda ake yarwa kuma a naɗe ta, a tara a abu mai murfi. Ba a jefa ta a masan zamani, toshewa zai yi, na rami kuma tana cika shi da wuri don ledarta ba ta ruɓewa. In babu masu kwasar shara, a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, aƙalla mita 30 daga rijiya, a binne.

Babbar 'yarki da ciwon mararta ma ba ki yi mata tanadi ba. Ibuprofen miligiram 400 duk awa 8, bayan an ci abinci, kada a wuce 1,200 a yini, kuma ya fi aiki in an sha da ciwon ya fara taɓawa. Yana ma ɗan rage yawan jinin. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi, su sha farasitamol. Asfirin kuwa ƙara zubar jini yake yi. Ki sa a jerinki robar ruwan zafi ta ɗumama mara, da maganin ƙarin jini, da tsinken gwajin ciki guda biyu ko uku, domin tashin hankali da yunwa suna jinkirta al'ada, kuma gara mutum ya san wanne ne. Abin da ba a zama da shi a gida: ƙunzugu yana cika duk awa ɗaya har awa biyu a jere, gudajin jini manya, jinin da ya wuce kwana 7, ko haki da jiri da farin ido.

Sannan kowacce ki haɗa mata 'yar jaka tata a kusa da ƙofa: auduga 10, kamfai 2, guntun sabulu, leda 2 ta zuba wanda ya ɓaci, zani mai duhu, da ƙaramar tocila saboda fita banɗaki da dare, kuma kada yarinya ta fita ita kaɗai. Auta kuma ki zaunar da ita a makon nan, ki nuna mata yadda ake ninkewa da ɗaurawa, ta gwada da hannunta, kada jinin farko ya same ta a tsakiyar baƙi tana zaton ciwo ta ji. Ban yarda ki turo ta wurin ƙanwarki ba, na san ki da zillewa.

Akwai abin da kika tambaye ni a ƙarshen saƙonki, a kan batir ne ko a kan zuwana, ki sake turo mini. Keken ɗinkin Inna yana wurinki har yanzu ko kin mayar? In yana nan, ki fara da tawul ɗin nan shuɗi da kike ta ɓoyo tun na bikinki, shi ne daidai. Ki gaida maigidan, ki ce masa ban manta alkawarinsa ba, ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum,
Ƙawarki